Tsami da Irinsa

A cikin sunayen da Hausa ta raɗa wa ɗanɗano, wato zaƙi da ɗaci da bauri da yaji da garɗi da ire-irensu, tsami ne kaɗai yake iya samun abinci bayan an gama haɗa shi an rufe, ba tare da hannun kowa ya ƙara masa komai ba. Zaƙi sai an zuba zuma ko sukari, yaji sai an daka barkono, ɗaci kuwa da shi maɗaci ya tsiro, amma ƙullun da aka markaɗa da la'asar yana salam, aka ajiye shi a kusurwar ɗaki, da asuba za a buɗe shi a tarar ya tashi, ya yi ƙananan idanu, ƙamshinsa ya sauya, alhali ba wanda ya kusance shi sai dare. Ya kamata a raba tsami gida biyu tun daga farko. Akwai na halitta, irin na tsamiya da yakuwa da lemun tsami da ɗanyen mangwaro, wanda tun a reshe yake tare da su. Akwai kuma na kwana, wanda hatsi da madara suke samu idan suka jiƙa suka daɗe. Na biyun shi ne abin dubawa a nan, domin shi ne ake iya renonsa, a rage shi ko a ƙara, har a ɗebe shi daga tukunyar jiya a zuba a ta yau.

Idan aka saurari yadda kalmar take yawo a bakin mutane, za a ga ba ta cika zuwa da labari mai daɗi ba. Ana cewa dangantaka ta yi tsami idan aminai sun fara gaisawa ciki-ciki, ko surukai sun daina aika wa juna tuwo, kuma masu karanta labarai a rediyo sun ari wannan lafazi suna ɗora shi a kan ƙasashe da jam'iyyu. Manomin da ya wuni yana huɗa, ko wanda ya sha doguwar tafiya a bayan babur, yakan ce jikinsa ya yi tsami. Yaron da harshensa bai gama warwarewa ba ana cewa yana da tsamin baki, rigar da ta sha gumi ba a wanke ba ita ma tsami take yi. A ƙasashen yamma, daga Zamfara zuwa Sakkwato da ƙetaren iyaka cikin Nijar, ana jin yami a wurin da Bakano zai ce tsami. Abin da ya haɗa yawancin waɗannan maganganu shi ne tunanin cewa wani abu ya wuce lokacinsa: zumuncin da aka bari ba a kula da shi ba, gaɓoɓin da suka daɗe suna aiki, tufar da ta kwana da dauɗa. Tsamin baki ne ya saɓa wa sauran, tunda shi na wanda bai kai ba ne, kuma yana wucewa da girma.

Kirari da waƙa ma ba su yi wa tsami gata ba. Makaɗan fada na ƙasar Zamfara, irin su Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda asalinsa na ƙasar Bakura ne kuma sunansa ya haɗu da na Maradun, sun fi jingina yabonsu da abubuwa masu girma da kwarjini, giwa da zaki da dutse da kogi. Idan kuwa ɗanɗano ya shigo kirari, zuma ce take shigowa, ga zaƙi ga harbi, ko maɗaci don a nuna wanda ba ya tauno. Da wuya a kira basarake da tsami a ce an yabe shi. Kalmar ta fi dacewa da zambo da habaicin kishiyoyi a bakin turmi.

Sai dai madafa ba ta bi bakin mutane a wannan hukunci ba. Duk wanda ya ratsa kasuwar Talatar Mafara, garin da ya ɗauki rabin sunansa daga ranar cin kasuwarsa, ko ya zaga unguwannin Jangebe da hantsi, zai ga cewa kaso mai yawa na abin da ake ci ana sha ya bi ta hanyar tsami kafin ya iso kwano. Madarar shanu sai ta yi barci ta zama kindirmo, idan aka kaɗe ta aka cire mai ta koma tsala, sannan a dama hura da ita. Gero sai an jiƙa an markaɗa an tace, an bar shi ya kwanta ya zama kamu, kafin a dama koko. Masa, wadda Kanawa suka fi kira waina, da sinasir da funkaso, dukkansu ƙullu ne da ya kwana. A nan tsami alama ce ta cewa abu ya kai, kuma gwanintar mai tuya tana cikin sanin iyakar da ke tsakanin ƙullun da ya tashi da wanda ya zarce. Idan ya zarce kaɗan, akwai magani a hannu, wato ruwan kanwa, kuma daga nan aka samo karin maganar da ke cewa kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta, wadda ake yi idan rigima ta mutu kowa ya huta. Abin da ke faruwa a cikin roba ya ɗan fi abin da karin maganar ta faɗa, domin kanwa gishirin soda ce, idan ta gamu da tsami sai su kashe juna su saki iska, iskar nan kuma ita ce take ƙara wa masa laushi da ramuka a cikin tanda. Wannan kanwar da ake yi wa kirari da uwar gami, ga ta nan tana sulhu.

Masana sun daɗe suna ganin tsami ba su san mai yin sa ba. A shekarar 1857 Louis Pasteur, masanin kimiyya ɗan Faransa, ya wallafa bincikensa a kan tsamin madara, inda ya nuna cewa aikin wasu halittu ne masu rai waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. A cikin ƙullun hatsi, halittu iri biyu ne suke zaune tare. Na farko su ne bakteriya masu cin sukarin da ke cikin gari su mayar da shi asid, wato sinadarin da harshe yake ji a matsayin tsami, kuma galibinsa irin wanda ke cikin nono ne, tare da ɗan kaɗan na irin wanda ke cikin khal. Na biyu shi ne yisti, wanda dangin naman gwari ne mai ƙwaya ɗaya, shi kuma yana cin sukari ya fitar da iskar da ke kumbura ƙullu. Zamansu tare yana da amfani ga mai ci, saboda tsamin da bakteriya suke yi yana hana yawancin ƙwayoyin cuta da na ruɓa yaɗuwa, shi kuwa yistin ƙullu yana jure shi. Ba kowane abinci mai kwana ne yake bin wannan hanya ba: daddawa, wadda ake yi da kalwar ɗorawa, wasu bakteriya ne dabam suke dafa ta a cikin rufi, kuma maimakon ta yi tsami sai ta karkata ɓangaren kanwa, abin da ya sa warinta ya sha bamban da na kamu, ba kuma wanda yake cewa daddawa ta yi tsami idan ta nuna.

Hikimar da ta fi muhimmanci a wannan fage ita ce ta rage iri. Mai nono takan bar ɗan kindirmon jiya ta zuba a madarar yau, ko ta yi amfani da ƙwaryar da ta saba, mai masa ta tsohon yayi kuma takan bar guntun ƙullu a gindin tukunya, sabo ya zo ya tarar da shi. Kalmar iri, wadda manomi yake nufin hatsin da ya ɓoye don shuka, ta dace da wannan abu sarai, tunda shi ma mai rai ne, ana shuka shi ne a cikin sabon gari ya hayayyafa. Al'ummu da yawa sun gano haka kowa a gidansa. Pliny Babba, marubucin Rumawa da ya rasu a shekara ta 79 Miladiyya, ya bayyana a littafinsa na tarihin halittu cewa mutanen zamaninsa suna tayar da burodi da ragowar kwaɓin jiya, har ya ambaci wani iri da ake yi da gero a kwaɓa da ruwan inabi ya daɗe a ajiye. A Habasha ana tara ruwan da ke taruwa a saman ƙullun injera, wanda suke kira ersho, a zuba a sabon ƙullu. A Sudan, inda Hausawa da Fulani suka kafa garuruwa irin su Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, kisra ta dawa ma haka ake tayar da ita. Burodin tsami, wanda a 'yan shekarun nan ya zama abin yayi a Turai da Amurka, musamman lokacin kullen korona na 2020, wannan dabara ce aka yi da alkama: a reni irin tsami a gwangwani ko kwalba, a tayar da kwaɓi da shi maimakon yistin kanti.

To me ya sa burodi, a ƙasar da ta san tsami haka, ya zauna a ɓangaren zaƙi? Amsar tana cikin hanyar da ya biyo. Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Sunanta daga Larabci yake, an daɗe ana noma ta kaɗan-kaɗan a fadamu da rani, ana yin alkaki da funkaso da taliya da ita, a Kano kuma ana gasa gurasa a tanderu. Amma burodin gwangwani ya zo ne daga bakin teku a zamanin Turawa, bayan masana'antun Turai da Amurka sun riga sun ware yisti shi kaɗai suna sayarwa tun ƙarni na 19, ba tare da bakteriyar da ke kawo tsami ba. Da aka buɗe babban injin niƙa alkama a Apapa ta Legas a 1962, farar fulawa ta wadata, gidajen burodi suka bazu, kuma abin da suke so shi ne kwaɓin da zai tashi cikin awa biyu, a zuba masa sukari da mai, ya yi laushi ya dace da teburin mai shayi. Harshen jama'a ya saba da wannan, har ya zama idan aka ji tsami a burodi sai a ce ya kwana ko ya lalace. Yistin kantin bai tsaya a gidan burodi ba, ya shiga robar masu masa da sinasir da fanke, ya rage musu jira, ya kuma rage wa masar wani ɗanɗano da tsofaffi suke cewa sun daina ji.

Ƙasar Mafara da Bakura da Maradun tana da nata rabon a tarihin alkamar Nijeriya, kuma rabo ne mai ɗaci. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina a kan Gulbin Sakkwato aka kammala a 1978, an tsara ta ne don ta shayar da kimanin hekta 23,000, alkama kuma tana cikin manyan amfanin da aka yi buri. Manoman da ruwa ya cinye gonakinsu da gidajensu, da waɗanda aka hana shuka ana gyaran fili, sun yi ta neman diyya suna tare hanyoyi, har a watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka da dama. Gunilla Andrae da Björn Beckman sun rubuta littafi a 1985 mai suna The Wheat Trap, inda suka nuna yadda ƙasar ta ɗaure cikinta da hatsin da yanayinta ba ya bayarwa da yawa. Gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama daga 1987, aka janye hanin bayan 'yan shekaru, kuma har yau fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da ake ci a Nijeriya daga waje ake sayo ta. Filayen Bakolori kuwa yanzu shinkafa ce ta fi yawa a cikinsu. Saboda haka wanda zai fara burodin tsami a Jangebe yana aiki ne da hatsi mai tsada, kuma wannan dalili ne na ya fara da kaɗan.

Renon iri ba ya buƙatar komai sai gari da ruwa da mazubi mai tsabta. Ana haɗa gram 50 na gari da gram 50 na ruwa, wanda idan babu sikeli ya kusa zama ludayi biyu na gari da ludayi ɗaya na ruwa, a juya, a rufe sako-sako, a ajiye a inuwa. Garin alkamar gida da aka kai injin niƙa da dusarta ya fi farar fulawa saurin kamawa, domin yawancin halittun da ake nema a jikin ƙwayar hatsin suke, dusa kuma tana ba su abinci. Kowace rana ana zubar da fiye da rabin abin da ke ciki, ko a tuya shi kamar fanke idan ya fara ƙamshi mai kyau, sannan a ƙara sabon gari da ruwa, wannan ne ake kira ciyarwa. A kwana na biyu ko na uku yakan yi wani kumburi mai ruɗi tare da wari mara daɗi, sai kuma ya yi shiru kamar ya mutu, a nan ne mafi yawan masu farawa suke watsar da shi. Abin da ya faru shi ne baƙin bakteriya ne suka fara cin kasuwa, tsami ya taru ya kore su, masu gidan kuma ba su gama yawa ba. Idan aka ci gaba da ciyarwa, tsakanin kwana 7 zuwa 10 zai daidaita, ya riƙa ninka kansa cikin awa 4 zuwa 8 bayan kowace ciyarwa, yana ƙamshi irin na kindirmo. Ruwa mai duhu a samansa yunwa ce kawai yake nunawa, a tsiyaye a ciyar da shi, amma idan aka ga fumfuna mai gashi ko launin ja-ja, sai a zubar da shi duka a wanke mazubi a sake. Cokali ɗaya na ruwan kamu ko na ƙullun masar da ba a sa wa yisti ba yana iya gaggauta farkon al'amarin.

Littattafan da ake rubutawa a ƙasashen sanyi sun cika da dabarun neman ɗumi, matsalar Zamfara kuwa akasin haka ce. Irin tsami ya fi jin daɗi tsakanin digiri 24 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyas, alhali a watan Afrilu zafin rana a wannan yanki yakan haura 40. Idan zafi ya yi yawa yisti yana raguwa, bakteriya kuwa suna ci gaba da aiki, sai tsami ya riga kumburi, kwaɓi ya saki ya zama ruwa-ruwa, burodi ya fito a kwance da tsami mai kama haƙori. Maganin yana cikin abubuwan da gida ya riga ya mallaka: a kwaɓa da ruwan randa mai sanyi, a ajiye mazubin a gindin randar a kan jiƙaƙƙen yashi, a yi irin da tauri maimakon ruwa-ruwa, a ciyar da shi safe da yamma, a kuma rage yawan wanda ake zubawa a kwaɓi. Wanda yake da zaɓi, ya fara a watan Disamba ko Janairu, lokacin da hunturu ya sanyaya ɗakuna, wato daidai lokacin da alkama take tsaye a fadama. Sai dai iskar hunturu tana busar da fuskar kwaɓi, don haka a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen ƙyalle. Agogo ba shi da amfani sosai a nan, tunda kwaɓin da yake ɗaukar awa 6 da sanyi yana iya kaiwa cikin awa 3 da bazara. Matar da ta shekara tana tuyar masa, wadda take gane ƙullu da hanci da ido, ta fi mai riƙe da takardar girki kusa da gane wannan.

Ga burodi ɗaya madaidaici, ana haɗa gram 500 na fulawa da kimanin gram 340 na ruwa da gram 100 na iri mai rai da gram 10 na gishiri. Abin da ya bambanta alkama da sauran hatsi shi ne gulutin, wani sinadarin gina jiki da yake yin danƙo idan ya jiƙa, ya zama kamar raga mai riƙe iskar da yisti ya fitar. Gero da dawa da masara da shinkafa ba su da shi, shi ya sa ƙullunsu sai a tanda ko a kasko, ba ya tsayawa da ƙafarsa. Duk da haka ana iya maye kusan kashi ɗaya cikin biyar na fulawar da garin gero ko na dawa, a sami garɗi da sauƙin kuɗi, burodin ya ɗan rage tsawo. Ba sai an sha wahalar murza ba, ya isa a riƙa jawo gefen kwaɓin ana ninkewa duk bayan rabin awa, sau uku ko huɗu, sannan a bar shi ya ƙaru da kamar rabin girmansa, a dunƙule shi, a sa a kwano mai ƙyalle da barbaɗen gari ya sake tashi. Yisti yana fitar da ɗan sinadarin barasa yayin aikinsa, kamar yadda yake yi a kowane burodin kasuwa da kowace masa, yawancinsa kuma yana tashi da zafin wuta. Tsawon jiran nan yana da wata fa'ida da ba a gani: tsami yana warware wani sinadari na dusar hatsi da ke riƙe ƙarfe da zinki ya hana jiki amfana da su, yana kuma jinkirta fumfuna, abin da ya sa burodin tsami yake kwanaki bai lalace ba a gidan da babu firiji.

Gashi yana son wuta mai ƙarfi, kimanin digiri 230, da tururi a mintuna 20 na farko don ɓawon ya jinkirta bushewa burodin ya buɗe, sannan wasu mintuna 20 zuwa 25 a buɗe ya yi ja. Tukunyar ƙarfe mai kauri da murfi tana yin wannan aiki, ko a cikin obin ko a kan gawayi, a zuba yashi a gindin babbar tukunya kamar yadda masu yin kek a gida suke yi, a ɗora garwashi a kan murfi. Amma babu dalilin da zai sa mai farawa ya ɗaure kansa da dunƙulen burodi mai tsayi irin na hotunan intanet, wanda aka tsara shi don fulawar wasu ƙasashe da murhunsu. Kwaɓin nan idan aka faɗaɗa shi aka manna a tanderu, ko aka gasa a busasshen kasko, gurasa ce, kuma ta fi yafe kuskuren tashi da na wuta. Wanda zai yi tafiya ko ya gaji da ciyarwa, ya shafa irin siriri a faranti ya bushe a inuwa, ya marmashe shi ya ƙulle a kwalba, zai yi watanni, ranar da aka jiƙa shi aka ciyar kwana biyu ko uku ya farfaɗo.

Saura batun ci. Idan aka miƙa yankan burodin tsami ga wanda ya saba tsoma na kanti a shayi mai madara da sukari, da wuya ya yaba, domin zai auna shi da ma'aunin da ba nasa ba, ya ji ɓawon ya yi tauri, cikin kuma ba zaƙi. Mazauninsa na gaskiya a teburin Bahaushe yana kusa da na masa da sinasir, wato gefen miyar taushe, ko romon kai da ƙafa, ko a yayyafa masa ruwa a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da albasa yadda Kanawa suke yi wa gurasa bandashe, inda maiƙo da yaji suke buƙatar abin da zai yanke su.